Muryar 'Yar Fari

Ranar Talata ce, cikin watan Rajab, bayan la'asar, a shigifar gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Mu uku ne: ni, da yayana wanda duk unguwa ke kira Malam tun da ya gaji zauren karatun mahaifinmu, sai matarsa, wadda ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen tsakar gida kada wani ya faɗo mana. Da safiyar ranar aka bugo waya daga Yola cewa babbar yayarmu ta rasu. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Na baro Kaduna da shirin zaman makoki, na iso na tarar ba tabarma ko ɗaya a ƙofar gida, ɗalibai suna ta karatunsu a zaure kamar kullum.

Malam ya ce ba za a faɗa wa Inna ba.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Mahaifiyarmu ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, idonta ya yi rauni, likita kuma ya ce a kiyaye ta daga duk abin da zai tayar mata da hankali. Ɓoye wa majinyaci mutuwa ba sabon abu ba ne a cikin birni. Malam ya riga ya shirya komai: za a karɓi gaisuwa a gidan wani ɗan'uwanmu a Tudun Jukun, an gargaɗi masu zuwa dubiya, an kuma hana 'ya'yan marigayiyar bugo wa kakarsu waya.

"Saura abu guda," in ji shi. "Wayar Juma'a."

Yayata ba ta taɓa barin Juma'a ta wuce ba tare da ta bugo wa Inna ba, da zarar an sauko daga masallaci. Inna ba ta lissafin ranaku yanzu, amma ta san Juma'a da wannan wayar.

"Ke za ki riƙa bugowa," ya ce, yana kallon tabarma. "Muryarku ɗaya ce dama. Kuma ai sana'arki ce."

Wannan ne karo na farko da na ji an kira aikina sana'a a gidan nan. Na yi shekaru a gidan rediyo ina fassara labarai ina karanta su, kuma a farkon aikina ina shiga wasan kwaikwayo na mako-mako, inda na yi muryar tsohuwa, na yi ta mai sayar da ƙosai, na yi ta matar attajiri. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya raba kalmomi biyu rabuwar da ba ta da gyara: koyi da kwaikwayo. Koyi shi ne ka ga mutumin kirki ka bi sawunsa har halinsa ya zama naka, kamar yadda ɗalibi ke yi da malaminsa. Kwaikwayo kuwa aron abin da ba naka ba ne na ɗan lokaci, don a yi dariya ko don a ruɗi wani. Na yara ne masu tashe da azumi, kuma su ma sukan girma su daina. Malam ya gaji wannan rabo tare da littattafan. Lokacin da na fara aiki, shi ne ya ce na ɗauki muryata na kai kasuwa. Idan ya zo wucewa ya ji ni a rediyon wani mai shago, ƙara sauri yake yi.

"Yaya, kwaikwayo kake so in yi ke nan?"

"Ban ce kwaikwayo ba. Maslaha ce."

"Da labarin nan a teburina ya zo, sojan gona zan rubuta."

"Sojan gona abin duniya yake nema. Ke me za ki samu?"

Matarsa ta juyo daga bakin ƙofa, idonta jawur, amma bakinta bai mutu ba. Tsakanina da ita akwai wasan dangin miji tun ranar da aka kawo ta. "'Yan rediyo, yau dai ranarku ta zo," ta ce. "Da a gidan nan kashe ku ake yi, yau ga shi ana laluben tasharku."

Na ce Inna ce ta haife mu duka biyun, za ta gane. Malam ya girgiza kai. Ya tambaye ni yaushe na taɓa jin Inna ta yi wa yayata magana mai tsawo. 'Yar fari ce fa.

A nan lissafinsa ya tsaya, kuma a iya ganin wannan ranar lissafin daidai yake. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunan yayata, ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yabonta, ba ta ko yi mata faɗa da kanta, sai dai ta aika. Da aka yaye ta aka kai ta wurin gwaggonmu a Ƙofar Kuyambana, a can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Idan dole ce ta sa Inna ta ambace ta, sai ta ce "mutanen Yola". Ni auta ce, ni na sha cinya da goyo da zagi da komai. Yayata gaisuwa kawai ta sha. Abin da Inna ke yi, idan aka tuɓe masa riga, nuna halin ko-in-kula ne ga wanda ka fi kula da shi. Amma ba wanda ya taɓa kiransa riya ko ƙarya. Sunayensa masu kyau ne: kunya, kara, kawaici. Mata suna yaba wa Inna a kansa a wuraren biki.

Na yarda. Na koma Kaduna na shirya kamar yadda nake shirya kowane aiki. Muryarmu ɗaya ce a asali, amma tata ta fi tawa nauyi da jinkiri. Tana da ciwon ƙirji tun ƙuruciya, saboda haka takan ja numfashi kafin ƙarshen jimla. Tana jan "to" ɗinta. Zaman Yola ya tausasa mata wasu haruffa, irin na masu yini da Fulani. Ni aikin rediyo ya goge mini harshe har ba a gane unguwar da na fito. Sai na saki wannan gugar, na sauke muryar ƙasa. Na sayi sabon layi. Matar Malam ce ke riƙe wa Inna waya a kunne, ita ce kuma ke sanarwa.

"Inna, ga mutanen Yola."

"Inna, barka da Juma'a. Kin wuni lafiya?"

"Lafiya."

"Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"To. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. A gaida yara."

Shi ke nan. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, haka muka ci gaba. Da yamma kuma sai in bugo da muryata, a layina, Inna ta buɗe baki: "Ke auta, kin ci abinci kuwa, ko kina can kina yi wa duniya surutu?" Ta ba ni labarin wanda ya zo dubiya hannu rabbana, da wadda ta zo ta cika mata ɗaki da turare har ta yi tari, da akuyar maƙwabta da ta shigo ta cinye zogalen da aka shanya. A ƙarshe, kamar abin da ta tuna a hanya, takan ce, "Mutanen Yola sun bugo." In ce madalla.

Sha'aban ya wuce a haka, azumi ya wuce. Malam ya fara gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba. Ya ce wa matarsa, ita kuma ta kawo mini, wai ashe kowane ilimi da ranarsa. Na lura ilimi ya ce.

Bayan ƙaramar salla jikin Inna ya tsananta. Na ɗauki hutu na dawo Zariya. Sai wayar Juma'a ta zama aiki na daban. A bayan gidanmu akwai mai injin markaɗe, Inna ta san ƙararsa kamar yadda ta san tarin kowa a gidan. Idan na buga daga cikin unguwa, ƙarar za ta shiga mata ta taga ta kuma shiga ta waya. Duk wanda ya zauna a ɗakin ɗaukar magana ya san ba murya ce ke tona asiri ba, abin da ke bayanta ne. Don haka da an sauko Juma'a sai in ce zan je sayen magani, in ja mota in fita ta Ƙofar Doka, in sami gindin bishiya in tsaya, in ɗaga gilashi, in bugo daga Yola.

Wata Juma'a a cikin Shawwal muka yi gaisuwar kamar kullum. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin. Na jira "a gaida yara", bai zo ba. Sai na ji ta ce wa matar Malam, "Jingina mini wayar a matashi, ki ba mu wuri." Na ji motsin zane, na ji an ja labule.

Sai Inna ta kira sunan yayata.

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya fito mata a karkace, don harshenta ya yi nauyi, kuma don bai saba da shi ba. Ta sake faɗa. Na amsa, "Na'am, Inna," da muryar da ta dace.

Ta yi magana a hankali, tana hutawa. Ta ce ranar da aka zo ɗaukar yayata zuwa Ƙofar Kuyambana, ita Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba don surukarta na zaune. Da aka fita da ita ta shiga bayan ɗaki ta toshe bakinta da gefen zane. Ta ce nononta ya yi kwanaki yana zuba tana ɓoyewa. Ta ce duk tuwon da aka riƙa aikawa gidan gwaggo da sunan na gwaggo ne, ba na gwaggo ba ne. Ta ce akwai wata salla da aka kawo ta yawon salla an yi mata kitso ya ja mata fatar goshi har ya yi ƙuraje, ta gani, hannunta ya yi ta ƙaiƙayi ta warware, ba ta taɓa ba. Ranar da za a tafi da ita Yola ta zo sallama ta durƙusa, Inna ta ce mata "Allah ya kiyaye hanya" kamar baƙuwar da ta zo cin kasuwa.

"An ce mana haka ake yi," in ji ta. "Muka yi. Aka yabe mu. Yanzu masu yabon duk sun mutu, ba wanda zan ji wa kunya."

Na san inda yayata za ta ja numfashi a cikin jimla, amma ban san abin da za ta ce a nan ba, don ba a taɓa faɗa mata irin wannan ba. Babu abin da zan kwaikwaya.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Inna."

"Ki zo. Ina so in taɓa fuskarki. Idon ya tafi, hannun dama yana nan."

"To, Inna. In Allah ya yarda."

"Ba irin in Allah ya yardan da ake sallamar mai talla da shi ba."

"A'a, Inna."

Da na koma gida na same ta da walwalar da rabona da ganinta tun kafin ta kwanta. A gaban mutane ta koma yadda take. Ta ce a share ɗakin da ke kusa da nata, baƙi za su zo daga Yola. Ta ce a nemo tsaki da rama mai kyau, akwai masu son fate a cikin baƙin. Matar Malam ta dube ni, na dube ta. Wannan karon ba ta yi wasa ba.

Na tare Malam a shigifa bayan ya sallami ɗalibai. Na faɗa masa abin da ya faru, ban da abin da Inna ta ce game da kanta, wannan ba nasa ba ne, ba nawa ba ne ma.

"Yaya, a faɗa mata."

"Kina so ki kashe ta?"

"Ta ce ta zo. Me zan ce ranar Juma'a?"

"Ki ce hanya ba kyau. Ki ce maigidan ba ya jin daɗi. Ke da kika yi shekaru kuna shirya wasanni, 'yar wannan dabarar ce za ta gagare ki?"

A aikin fassara an koya mana mu kula da lokacin da mutum ya canza kalma alhali abin bai canza ba. A Rajab maslaha ce. A Shawwal ta zama dabara. Daga baya na ji yana ce wa wani kawunmu ana dai lallaɓa ta. A teburin labarai muna da suna ga kowane iri: magani na jabu, takarda ta bogi, mutum ɗan sojan gona, ibada ta riya. Malam ya san waɗannan duka, yana wa'azi a kansu, ya fi ni sanin asalinsu a Larabci. Abin da ake yi a ɗakin Inna ne kawai ya rasa suna tsayayye.

Ana iya tambaya me ya hana ni faɗa mata da kaina. A gidanmu ba ƙanwa ce ke isar da labarin mutuwa ba, mai gida ne, da dattijo a gefensa. Ban kuma san abin da zuciyarta za ta iya ɗauka ba. Malam ma bai sani ba, amma shi ke da gida, kuma shi ne wanda likita ya yi wa magana.

Juma'a ta zo na fita ta Ƙofar Doka na ce maigidan ba ya jin daɗi. Inna ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kira sunan sau ɗaya, ta ce tana jira. Ta gaba na ce ana ruwa, hanya ta lalace. Ta ce, "To." Ta gaba na ce yara suna jarrabawa.

"Lafiya," ta ce, ko da yake ba gaisuwa na yi ba. "A gaida yara."

Amsoshin sun koma gajeru kamar da, har matar Malam ta ce an dawo daidai. Ba a dawo ba. Kunnena ya yi shekaru yana rarrabe sauti. Gajeriyar amsar kunya tana da ɗumi a ƙarƙashinta, kamar murfi a kan tukunya. Wannan babu komai a ƙarƙashinta. An daina share ɗakin. Ramar ta bushe aka zuba wa awaki.

Juma'ar da ta biyo baya na buga, na ji matar Malam ta ce ga mutanen Yola, na kuma ji Inna sarai ta ce, "Ki ce ina barci."

Da yammar ranar ina matsa mata ƙafa, ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Wasu sai murya. Ka yi ta jin murya, ba ka ganin mutum." Ta huta. "Na zubar da girmana na roƙi 'yar cikina. Abin da ban yi ba ina da ƙuruciya, na yi shi da furfura. Ashe gara da ban yi ba."

Yayata mace ce da in aka ce Inna ta yi tari sau biyu, washegari tana tashar mota. Lokacin da ciwon ya fara kayar da Inna, ita ta fara isowa, ta kwana a ƙasa a bakin gadon har aka sallame su daga asibiti, Inna ba ta ce mata sannu ba, ita kuma ba ta jira ba. Wannan matar ce muka mayar, Juma'a bayan Juma'a, 'yar da ke bugo waya ta ƙi zuwa. Ba ta nan balle ta kare kanta.

Na sake samun Malam. Ban yi maganar kalmomi ba wannan karon. Na ce masa Inna tana fushi da mamaciya, fushin uwa, a kan laifin da mu muka ƙirƙira. Na ce tun Rajab ba ta yi mata addu'ar mamaci ko sau ɗaya ba, don ba ta san ta mutu ba. Wannan ya shige shi. Na ga ya shige shi. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce likita zai zo ranar Litinin, idan ya duba ta ya ce za ta iya ɗauka, zai kira kawu su shiga su faɗa mata tare.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta ce a tara mata gida. Mun san abin da hakan ke nufi. Muka shiga, da jikoki, da surukai, aka durƙusa a gefen gado ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce Inna ki yafe mini, ta ɗora masa hannun dama a ka ta ce na yafe, ni ma ka yafe mini. Ta yafe wa matar Malam ta ƙara mata da albarka, ta ce ta wanke abin da 'ya'yan ciki ba su wanke ba. Ta yafe mini, ta ce Allah ya shiryi bakina, aka yi 'yar dariya. Ta yafe wa Malam. Shi ne na ƙarshe, bai tashi ba.

"Inna," ya ce, "da ta Yola?"

Ta juya fuskarta wajen bango.

"Idan ta zo."

Injin markaɗe yana ta ƙara a bayan gida. Malam ya ɗago ya dube ni. Na ce, a hankali amma kowa ya ji, "Yaya, yanzu."

Ya buɗe baki. Ya dubi bayan Inna, ya dubi jikokin da ke cike da ɗakin, ya dubi ƙofa, kamar kawu zai shigo a lokacin.

"Bari ta huta," ya ce. "Jibi ne kawai."

Inna ta cika ranar Lahadi kafin azahar, ba ta ƙara wata magana mai tsawo ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Masu gaisuwa da yawa sun yaba wa Malam, suka ce ya kyauta da ya bar tsohuwa ta tafi hankalinta kwance.

'Ya'yan yayata sun iso daga Yola washegari. Babbar cikinsu ta same mu a shigifa, ta tambaye ni ko kakarsu ta ambaci mahaifiyarsu kafin ta cika. Malam ne ya amsa. Ya ce ta ambace ta.